Rakiyar Baƙo a Tudun Ƙamshi

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗora mu a kanta, ya tara ruwa a gefenta ya ce mu sha, bai nemi shawarar kowa ba. Ku gyara zama ku ara mini kunnuwanku. Wanda ya san gardama na cinsa ya daure sai na kai ƙarshe, don ni mutum ne mai saurin hawa, in aka katse ni sai in bar labarin in kama faɗa.

Sunana Barmo, masassaƙin jiragen ruwa, mutumin Mashigin Giginya, garin masunta da ke bakin Tafkin Zarangi, can bayan duwatsun da rana ke faɗuwa. Tafki ne wanda in ka tsaya a wannan gaɓa ba ka hango waccan ko da idonka na shaho ne. Da shi muke ci, da shi muke aure, da shi muke suna. Maza su kamo, mata su yi banda, fatake su zo da gero da gishiri su koma da kifi, ni kuma in sassaƙa wa kowa jirginsa.

Ana nan sai ruwa ya fara ja da baya. Abin da ya ɗaure mana kai, ba fari aka yi ba. Damina na zuwa lafiya lau, koramu na kwararowa kamar kullum, amma tafkin sai ƙara nisa yake. Da fari masunta kan ɗauki jirgi a ka su bi shi, daga baya tafiyar ta fi ƙarfin wuya. Da kifi ya yanke, fatake suka ɗauke ƙafa. Maƙerin ƙugiya ya kashe wutarsa, mai saƙar taru ya koma saƙar igiyar awaki. Ni kuwa kada ma a yi zancena, wa zai sayi jirgi ya tuƙa a kan busasshiyar laka?

Yayana Shekarau shi ne Sarkin Ruwa. Ya tara gari a gindin giginyu ya ce ranar da rijiyar tsakar gari ta ƙafe, kowa ya ɗauki iyalinsa ya kama gabansa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don a garin aka binne cibiyata, ban kuma san yadda ake zama a wani wuri ba. Na miƙe a gaban mutane na ce masa ruwa ba aljani ba ne da zai ɓace haka kawai, in ya tafi to akwai inda yake zuwa.

Ya dube ni ya ce, “To je ka tambayo shi, Barmo. Amma ka yi sauri, ba zan riƙe mutane da ƙishirwa ba.”

Na ɗauki gizagona da gatarina da ɗan ɗanko na toshe ɓula, na rataya guzuri, na bi sawun ruwa.

Ban taɓa zaton zan taka cikin Zarangi da ƙafa ba. Ƙasan ta tsattsage, ta yi fari da gishiri. Jirage ga su nan a kife ko’ina, wasu ma na gane sarana a jikinsu, na riƙa shafa su ina wucewa. Da na yi nisa sai na tarar da wani irin ƙauye da ban taɓa jin labarinsa ba. Ƙasusuwan giwan ruwa ne manya-manya, irin waɗanda suka tsufa a zurfi ba wanda ya taɓa kamo su, mutane sun rufa tabarmi a kan haƙarƙarinsu suna kwana a ciki. Masunta ne daga garuruwan da suka riga namu watsewa. Sana’arsu ɗaya, tonon gaiwa, kifin nan da ke binne kansa cikin laka yana jiran dawowar ruwa. Sai ka ga ƙato ya kwanta ya kafa kunne a ƙasa, ya buga dunƙule, ya saurara, sannan ya kama tono. Na tsaya kallo har na kusa manta abin da ya fito da ni.

Wata tsohuwa a cikinsu ta gaya mini abin da ya fi wannan ban mamaki. Ta ce ruwan da ya rage a tsakiya yanzu gudu yake yi kudu, alhali tafki ba a san shi da gudu ba. Ta kuma gargaɗe ni cewa gaba ɓawo ne kawai a sama, ƙarƙashi taɓo ne. Na ce mata na gode, a raina ina cewa ni za a koya wa tafkin da aka haife ni a bakinsa? Ban yi nisa ba ƙasa ta buɗe, na nutse har ƙugu, ina motsi tana ƙara haɗiya ta. Allah ya taimake ni akwai mushen wani jirgi kusa. Na miƙa gatari na maƙalo katako ɗaya, na kwanta a kansa na zaro ƙafafuna, takalmi dai ya tafi. Na faskare katakai biyu masu faɗi na ɗaure a ƙafa, na ci gaba ina tafiya kamar agwagwa, masu tonon gaiwa na bayana suna riƙe ciki don dariya. Ban waiwaya ba, kunya ba ta bar ni ba.

Da na kai bakin ruwa na toshe wani tsohon kwale-kwale na shiga. Ko filafili ban tsoma ba, ruwan ya ɗauke ni da kansa. Na zauna ina kallon ikon Allah, tsoro na cina, son sani kuma ya fi tsoron yawa.

Haka na yi ta tafiya har na fara jin wani rugugi. Can na hango tsaunuka biyu, an yanka tsakaninsu an yi wata magudana mai faɗin gari guda, ruwan Zarangi na turmutsitsin fita ta nan. Bayanta kwazazzabo ne mai zurfi, ruwan na faɗawa ciki ya malala cikin rairayin hamada ya ɓace, ko ciyawa bai tsirar ba. Da ƙyar na daka tsalle na kama gaɓa da kayan aikina, kwale-kwalen kuwa ya wuce, ban ƙara ganinsa ba.

Kafin in gama tari an cafke ni an ɗora mini kwando a ka. Mutane ne rututu, masu dagi na sara, masu kwando na kwasa, ana ƙara wa magudanar zurfi. Mai kula da su wani gajere ne mai muryar tsiya, ana ce masa Uban Rakiya. Na tambaye shi wane irin aiki ne wannan. Ya ce rakiya suke yi. Na ce rakiyar wa? Ya ce ta baƙo mana, ya daka mini tsawa in wuce. Na yi ta juya maganar a kaina ban ga baƙon kowa ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, yawancin masu tonon mutanen gaɓa ne irina, waɗanda ƙafewar tafki ta kora. Don tuwon dare suke tona ramin da ke shanye garuruwansu, in ka yi musu magana su ce ko sun bari wasu za su tona.

Na lura tuwon nan jirgi ke kawo shi daga wani birni da ke tsakiyar tafki, Tudun Ƙamshi, kuma daga can umarnin tonon yake fitowa. Na lura kuma jirgin na yoyo, matuƙan kullum suna kwarfa suna zagi. Na je na ce wa Uban Rakiya ni masassaƙi ne, zan iya toshe shi. Ya yarda. Na ɓoye ɗankona, na cusa tsumma da yumɓu a ɓular, na ce masa irin wannan toshi sabo ne, sai mai shi ya zauna a kai yana dannawa har a kai can, in ba haka ba ya buɗe a tsakiyar ruwa. Matuƙan da suka ji zancen buɗewa a tsakiyar ruwa su suka roƙa da bakinsu a ba su ni. Na hau na zauna a kan tsummana ina ta ɓata fuska kamar mai babban aiki.

Hanci ya riga ido isa Tudun Ƙamshi. Tun birnin bai bayyana ba wani ƙamshi ya cika iska, mai sanyi, irin wanda ke sa mutum ya tuna ɗakin amarya. Sannan ga birni, gidaje reras, kasuwa, itatuwa, mutane cikin alharini har masu dako. Amma abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Duk inda na biyo, ruwa ya sauka ya bar gaɓa a sama fiye da tsayin giginya. Nan kuwa ga shi yana lasar gindin katangu.

Na sauka a gidan wata dattijuwa mai saukar baƙi, Inna Tabawa, mace mai baki da kirki, bakin ya ɗan fi yawa. Da safe ina daga ɗaki na ji maƙwabciyarta ta leƙo suna gaisawa. Ta ce mata ina kwana, ya baƙo? Inna Tabawa ta ce baƙo yana nan, ya hana ta sakat. Waccan ta ce Allah ya raba su da shi. Inna ta ce amin, ai ya kusa tafiya. Jama’a, jinina ya tafasa. Na tattara gizagona da gatarina na fito na ce mata ni ban zo bara ba, in ta gaji da ni tun kwana ɗaya ta faɗa mini a ido, ba sai ta kai ƙarata wajen maƙwabta ba.

Suka dube ni, suka dubi juna, suka fashe da dariya har maƙwabciyar na dafa bango. Da Inna Tabawa ta samu numfashi sai ta nuna mini ƙafafuna. Na duba, ashe cikin ruwa nake tsaye har idon sawu, fushi bai bar ni na ji sanyinsa ba.

Ta ce, “Ga baƙon nan, Masassaƙi. Kai wa ya san da zamanka?”

Ta zaunar da ni ta warware mini. Ruwan ya daɗe yana tsattsafowa ta ƙasan ɗakuna, kowace shekara yana ƙara hawa. Ba sa kiran sunansa a cikin gida, don a ganinsu abin da ka kira da sunansa ya zama ɗan gida, ba ya tafiya. Baƙo kuwa komai daɗewarsa mai tafiya ne. Da ya ƙi tafiya da kansa, sai Magajiyar birnin ta ce a yi masa abin da ake yi wa baƙo, a buɗe masa hanya a raka shi. Magudanar da na gani ke nan. Na ce mata tafkin ai ya kusa ƙarewa, da ƙafata na tako cikinsa. Ta ce in daina wasa da hankalin manya, tafkin da ke ƙarewa ne zai shigo mata ɗaki? In ma ya sauka a can, to alama ce rakiya na ci, nan ma ya kusa sauka.

Ni ma abin ya fi ƙarfin kaina. Sai na shiga yawo ina kallo. Kowane gida akwai rami a tsakar gida, daga nan suke tono kajiji, saiwar nan mai ƙamshi da ake haɗa turaren wuta da ita. Duk inda ka soka dagi a birnin kajiji ne, sarƙe da juna, ba ka samun dutse ko tsakuwa. Inna Tabawa ta ce zamanin kakanninta sau ɗaya ake tono bayan damina, a ɗebi kaɗan a rufe. Da matan sarakunan nesa suka san ƙamshinsa, jirage suka yi ta zuwa, tono ya koma na kullum. Aka bar noma, aka bar su, komai sai dai a kawo daga waje, har barkono. Ta ƙara da ƙorafin cewa bana jiragen hatsi sun ragu, wai ruwa ya yi musu kaɗan, ƙaryar fatake dai ba ta ƙarewa.

Wata rana iska ta taso ina zaune da ƙwaryar ruwa a gabana. Na ga ruwan cikin ƙwaryar ya karkata gefe guda, ya dawo. Tafin ƙafata ma ya ji wani abu da ya saba ji, amma ba a tudu ba. Na tashi na ɗauko dogon sandan gora na tuƙi, na shiga ramin Inna Tabawa na soka. Ya shiga da ƙyar, ya shiga, sai kawai ya zarce fuu, ya kufce daga hannuna ya tafi. Ruwa mai sanyi ya ɓulɓulo ta inda ya bi. Na zauna a bakin ramin ina kallonsa, sai na gane. Birnin nan duka, da fadarsa da kasuwarsa da maƙabartarsa, ba ƙasa ba ce. Tulin kajiji ne da ya sarƙe tun zamanin da ba wanda ya sani, yana yawo a kan ruwa. Suna tono yana sirancewa, yana ƙara zama cikin ruwa. In tafki ya sauka, birni ya sauka tare da shi, ruwan ɗaki kuma yana nan inda yake.

Na gaya wa Inna Tabawa. Fuskarta ta canza, ta ce in rufa wa kaina asiri, wannan magana daidai take da in ce musu ba su da ƙasa, iyayensu kuma a kan ruwa aka rataye su. Ni kuwa rijiyar garinmu nake tunawa, ban san ko saura nawa a cikinta ba. Na nufi fada na yi ta hayaniya a ƙofa har aka gaji aka shigar da ni.

Magajiya Ladingo doguwar mace ce, ta manyanta, tana zaune a kan gado mai ƙafafu dogaye, ruwa na kai-komo a ƙarƙashinsa. Na faɗi na yi gaisuwa, gwiwoyina suka jiƙe. Na ce, “Ranki ya daɗe, baƙon nan ba zuwa ya yi ba. Ku kuka sauka wurinsa.”

Ta ɗaga hannu, fadawa suka fita duka. Na gyara tsayuwa ina jiran ta yi mamaki.

“Na sani,” in ji ta. “Kowace Magajiya tana gaya wa mai gadonta.”

Duk iskar da na shigo da ita ta sace. Na tambaye ta to me ya sa take zubar da tafkin, tunda ta san ba zai rage ruwan ɗaki ba. Ta ce ba don ruwan ɗaki take yi ba. So take tafkin ya sauka har birnin ya dira a kan ƙasa ta gaske kafin ya gama ruɓewa, sannan ba sauran nutsewa. Na tambaye ta ko an taɓa auna zurfin da ke ƙarƙashinsu. Ta ce an zura igiya, ba ta taɓa komai ba tukuna. Na ba ta labarin garinmu da masu kwana cikin ƙashin kifi. Ta saurara har ƙarshe, ba ta raina ni ba, sannan ta ce na zo da kukan garina, ita ma tana da nata. Na ce to a daina tonon kajiji ya sake kauri. Ta ce ranar da aka daina, me za a ba masu kawo hatsi? Na ce in tafkin ya ƙafe kajijin ma bushewa zai yi, jirgi kuma ba ya tafiya a tudu, wa zai zo saye?

Ta dubi ruwan da ke ƙarƙashin gadonta. Can ta ce, “Wannan yunwar ta wadda za ta gaje ni ce. Ni nutsewa aka bar mini.”

Ba ta sa an taɓa ni ba, amma ta ce bakina ya yi girma da yawo cikin gari. Aka kai ni wani ɗan tsiri a ƙarshen birni da ake kira Wutsiya, mai bukka ɗaya da bishiyar gwanda, siririyar hanya ce kawai ta haɗa shi da gari, dogari na zaune a bakinta. Da yake ita ba mai asarar hannu ba ce, ta sa aka bar mini kayan aikina in riƙa sassaƙa ƙafafun gado, don a birnin nan ba abin da ake nema kamar ƙarin tsawon ƙafar gado. Na ce to, madalla. Ina sassaƙa ina tara ɓawon itace a kan siririyar hanyar nan, a ƙarƙashin tarin kuma ina saran saiwa kaɗan-kaɗan. Dogarin har yaba mini ƙwazo yake yi.

Ranar kasuwa da hantsi iska ta juyo daidai yadda nake so. Na ɗaure tabarma a jikin gwandar, na ɗaga gatari zan sare abin da ya rage, sai ga Inna Tabawa ta tsallako da ƙwaryar fura, wai ta ga ba a ciyar da ni yadda ya kamata. Na ce ta koma, ta ce ba ni zan gaya mata inda za ta taka a garinsu ba. Dogari ya taso. Ban da zaɓi, na sauke gatari. Wutsiya ta yi wata ƙara ta rabu da birni, da bukka da gwanda da ni da Inna Tabawa da furarta.

Ta dubi ruwan da ke buɗewa tsakaninmu da gari ta ce, “Masassaƙi, mayar da ni.”

“Inna, ba ni na ɗauko ki ba. Ƙasarku ce ke tafiya.”

Iska ta bi da mu ta gaban kasuwa, inda rabin birni ke tsaye. Na cika baki zan yi musu jawabi, sai na ga ba a bukata. Ciniki ya tsaya cak. Mutane na kallon guntun garinsu yana wucewa a kan ruwa da bishiya a tsaye, wasu suka dubi ƙarƙashin ƙafafunsu. Na yi murna a lokacin, ba zan ɓoye ba, don na ɗauka yanzu za su ruga a toshe magudanar nan da suke kira Rakiya.

Ba haka suka yi ba. Kowa gida ya ruga ya ɗauko dagi, ya kama saran kewayen gidansa, kada nauyin maƙwabci ya ja shi ƙasa. Mai ƙaramin gida na gudun mai soro, mai soro na gudun fada. Birnin da dama ya ruɓe bai jira an gama ba. Kafin la’asar ya tsattsage unguwa-unguwa, gida-gida, wa a wannan yanki, ƙane a wancan, suna miƙa wa juna gora ba ta kaiwa. Girmansa ne dā ya riƙe shi wuri ɗaya. Da ya zama gutsattsari, gudun ruwa ya kwashe su duka ya nufi kudu da su. Na tuna kwazazzabon da ke bayan magudanar, can ruwan zai zuba mu duka.

Sai muka ji ganga daga fada. Yankin fada da kasuwa shi ne mafi girma, Magajiya Ladingo na tsaye a kan soro tana nuni da hannu. Ta sa aka kwance duk alharinin rumfuna da na jikin mutane aka ɗaure a itatuwa, iska ta cika su, yankin nan ya wuce kowa ya shiga gaba. Da ya kusa bakin Rakiya ta sa maza suka kafa gorori gefe guda suka juya shi a gicciye. Ya daki tsaunukan biyu da wata ƙara da har yau nake ji a haƙorana. Katangar fada ta zube, rumbunan kajiji suka nutse, amma ya cije bai wuce ba. Sauran gutsattsarin suka zo ɗaya bayan ɗaya suka jingina da shi, har da Wutsiyarmu. Masu tono da ke kan gaɓa suka tsaya da kwanduna a ka. Wani daga cikinsu ya juye ƙasar kwandonsa a kan tarin, na kusa da shi ma ya juye. Ba wanda ya ba da umarni, Uban Rakiya ma da hannunsa na gan shi yana turo dutse. Rugugin ya yi ta raguwa har ya mutu.

Na sami Magajiya a zaune a kan gaɓa, ba takalmi, goshinta na jini, mutanenta sun cika tsaunin suna ta kiran sunayen ’yan’uwansu. Na durƙusa a gabanta.

Ta ce, “Ka samu abin da ka zo nema, Masassaƙi. Yanzu gaya mini inda zan kai su.”

Na ce mata a gaɓar Zarangi akwai garuruwa da gidajensu ke tsaye ba kowa a ciki. Ta raba mutanenta ƙungiya-ƙungiya, ita kuma ta ce a nan za ta zauna tana gadin toshin, kada wani mai wayo ya zo tonon kajiji a jikinsa. Ni aka haɗa ni da Inna Tabawa da mutanen unguwarta. Da damina ta sauka tafki ya fara cika, muka harhaɗa jirage muka bi bakin ruwan, ya matsa mu matsa, ya tsaya mu tsaya. Tafiyar ta yi mini tsawo ƙwarai, kullum ina lissafin rijiya a zuci.

Ga ƙarshen abin da idona ya gani, sauran kuma Allah ne masani. Ban riski rijiyar ba. Mun iso Mashigin Giginya mun tarar ta ƙafe tun tuni, gari ya watse, maƙeri ya tafi, mai taru ya tafi, abokan da na yi wasan ƙasa da su duk ba su. Gidaje kaɗan ne ke hayaƙi. Yaya Shekarau yana cikinsu, ya rame har na kusa wuce shi, ya ce ya sallami kowa amma shi ƙafarsa ta ƙi ɗaguwa. Na rungume shi na yi kuka a gaban baƙi, ban ji kunya ba.

Ranar da ruwa ya taɓa gindin giginyar farko, matanmu da suka rage suka rangaɗa guɗa. Mutanen Tudun Ƙamshi kuwa suka ja da baya, suka ɗora ƙunshinsu a ka, uwaye suka suri ’ya’yansu. Inna Tabawa ta tambayi Yaya a ina zai tsaya. Ya nuna mata tsohon zanen da ruwa ya bari a jikin itatuwa, ya ce nan ne iyakarsa tun kakanni. Ba ta yarda ba. Ta karɓi dagi ta shiga gidan maƙeri, wanda aka ba ta, ta kama tono a tsakar gida. Ta yi ta sara har tafin hannunta ya fashe, ba ta samu komai ba sai jar ƙasa da tsakuwa. Ta damƙo ƙasar ta kai hanci, ta daɗe tana shinshinawa, hawaye na bin kuncinta.

“Ba ta ƙamshin komai,” in ji ta.

Ta karkaɗe hannunta a zani, ta juya wajen Yaya ta ce, “Sarkin Ruwa, wa zai koya mini bandar kifi?”